Kafin Ka Sayar da Riɗinka Ka Sayi Kwamfutar Tace Bidiyo

Kwamfutar farko da na saya don aikin tace bidiyo, buhun riɗi bakwai ta ci. A ƙarshen 2019 ke nan. Na kai riɗin kasuwar Gujungu, na ƙulle kuɗin a aljihun ciki, washegari na bi mota ta Ringim na shiga Kano. Abu ɗaya na sani a lokacin, shi ma a bakin mutane na tsince shi: in za ka yi editin, ka nemi Core i7. Na shiga wani shago na ce i7 nake so. Mai shagon ya zaro wata siririya mai sheƙi, ya ɗora yatsa a kan sitikar da ke gefen kibod, ya ce, "Alhaji, ga ta nan, gani ya kori ji." Ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa zuwa ba, an kira ni Alhaji, an kuma nuna mini sitika. Na ƙirga kuɗi na ba shi.

Aikin da na fara yi da ita bikin 'yar wani dattijo ne a unguwarmu, kamu da ɗaurin aure da kai amarya, duka ya kama awa ɗaya da minti ashirin. Tun wajen yanka na ga alama. Hoto yana ɗingishi, murya ta yi gaba ta bar baki a baya, in na ja layin aiki sai na jira kamar mai jiran mota ranar da ba kasuwa. Da ƙyar na kammala. Bayan Isha na tayar da ƙaramin injina, na danna fitar da aiki, na kwanta a gefe. Wajen ƙarfe uku na dare mai ya ƙare, batirin kwamfutar kuwa ba ya riƙe ko minti ashirin. Ta mutu aiki ya haura kashi 80 cikin ɗari. Da hantsi sai ga uwar amarya da kanta a ƙofar shago.

"Ɗan nan, in hoton bai kama ba ne ka gaya mana gaskiya, mu san inda dare ya yi mana."

"Wallahi Inna ya kama. Na'urar ce take ba ni wahala."

"To Allah ya ba ta lafiya," in ji ta, ta juya.

Mai shagon nan fa bai yi mini ƙarya ba. i7 ce. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban san in tambaya ba, shi ne cikakken sunanta i7-4600U, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ta fito tun 2013, ga RAM 4GB, ga tsohon had-dis mai juyawa. Yanzu da ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a wurina ya tara kuɗi zai sayi tasa, na zaunar da shi na yi masa bayanin da ban samu mai yi mini ba. Shi ne na ce bari in rubuta, ko wani a Babura ko Gwaram ko Sumaila zai amfana.

i5 da i7 sunan gida ne kawai. Kamar a ce maka za a turo maka ɗan gidan sarkin noma ya taya ka huɗa. Madalla, amma wanne daga ciki? Saurayin ko kakansa? Shekarun suna cikin lambar da ke biye da sunan. A i7-4600U, lamba 4 ta farko tana nufin janareshan na huɗu. A i5-8250U, na takwas. Daga na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa: i7-10750H na goma, i5-1135G7 na goma sha ɗaya, i5-12450H na goma sha biyu.

A cikin kowace firosesa akwai kawuna da suke raba aiki a tsakaninsu, kamar 'yan gayya a gona. A siraran laftof ɗin ofis da suka cika kasuwarmu, har zuwa janareshan na bakwai kai biyu ne, ko i5 ce ko i7. A na takwas, wanda ya fito a 2017, Intel, kamfanin da ke ƙera su, ta mayar da su huɗu. Shi ya sa i5-8250U take barin i7-7500U a baya wajen fitar da bidiyo, alhali a shago ta biyun za a fi tsuga maka kuɗi saboda sitika. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ni a yau ba zan ba kowa shawarar ya sauka ƙasa da janareshan na takwas ba, kuma akwai ƙarin dalili: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga na takwas take farawa. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsofaffi, amma wannan zaman haya ne.

Sai harafin ƙarshe. U na nufin an yi ta don tsimin batir, wajen wat 15 take ci. H na nufin ta ƙarfi, wajen wat 45, kuma kawunanta sun fi yawa: i7-8750H da i7-9750H shida-shida gare su. A ɓangaren AMD, kamfanin da ke gogayya da Intel, Ryzen 5 4600H da 5600H shida, Ryzen 7 4800H da 5800H takwas. Mutanenmu suna gudun AMD saboda tsofaffin da suka yi suna wajen zafi, amma Ryzen daga jerin 4000 zuwa sama wata aba ce daban, kuma wannan gudun da ake yi wani lokaci yana sa ka same ta da sauƙi.

To wacce za ka ɗauka, U ko H? A nan ne nake rabuwa da masu bayani a YouTube, don su ba su san ana ɗauke wuta ba. Kafin ka tambayi ƙarfin kwamfuta, tambayi kanka da me za ka ciyar da ita. A garinmu wuta baƙuwa ce, in ta zo yara har ihu suke yi. Da can inji muke tayarwa ba tare da dogon lissafi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, duk awa ɗaya ta inji sai ka ji ta a aljihu, shi ya sa yawancinmu muka koma sola. Ga lissafin da nake yi. Batir mai bol 12 da 200Ah yana ɗauke da wajen wat 2,400 na awa guda. In irin na ruwa ne, kuma kana so ya yi maka shekaru, rabi kawai za ka riƙa sha, wato 1,200, inbata ma ta ɗan ci nata a ciki. Kwamfutar tebur mai katin girafik, da sikirin ɗinta, in tana jan wat 300 ba za ta kai ka awa huɗu ba. Laftof ɗin gem, wato ta wasanni, mai jan 150 za ta yi kamar awa bakwai. Siririyar ofis mai jan 45 za ta kwana ta wuni. Ka juya cajar kwamfutar da kake son saya ka karanta bayanta, an rubuta wat nawa ce: ta ofis 45 ko 65, ta gem daga 135 har sama da 200. Wannan lambar ita ce bakin da za ka riƙa ciyarwa kullum.

Kada kuma wani ya ce maka ai laftof ɗin gem tana da batir. Da zarar ka zare caja take rage ƙarfinta da kanta, batirin kuma in ana aiki mai nauyi da wuya ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. Amfaninsa shi ne ya riƙe maka aiki kafin ka sauya layi, ba wai ka yi aiki a kansa ba.

Kwamfutar tebur ta fi araha a kan ƙarfi ɗaya, ta fi sauƙin gyara, ta fi jure zafi. In shagonka yana cikin Dutse ko Haɗeja a layin da wuta take zama, ko kana da sola mai ƙarfi, ka saye ta ka haɗa da UPS, na'urar da ke riƙe ta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. In irin nawa ne, laftof.

Tambaya ta biyu: me kake ɗauka, kuma a ina za a kalla? Aikina bukukuwa ne, da suna, da saukar Alƙur'ani, da walimar Islamiyya, da naɗin sarauta, sai hawan sallah in na shiga Ringim, sai taron 'yan siyasa in kakarsu ta zo. Cikin masu karɓar aikina, kusan kowa a waya yake kallo. A tura masa a memori ko ta Xender, ya tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, WhatsApp kuma ta matse shi ta rage masa kyau. Mutumin nan ba ya buƙatar 4K. 1080 mai tsabta, da murya mai fita, da hoton da ba ya rawa, sun ishe shi har ya yi maka addu'a. Hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu a yawan ɗigo, nauyin da zai ɗora wa kwamfutarka ke nan. Kyamarar da ke ɗaukar 1080 a 50Mbps tana cin wajen 22GB a awa, 4K a 100Mbps kuwa 45GB. Yara masu tasowa suna son a ce suna ɗaukar 4K, sai su sayi wahala da kuɗinsu. In wani babban mutum ya matsa sai 4K, akwai furoksi: manhajojin tace bidiyo Premiere Pro da DaVinci Resolve duka suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi ka yi yankanka a kansa, in an zo fitarwa su koma kan na asalin. Ka bar ta ta yi furoksin da rana lokacin da sola take cika.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne bidiyon waya. Ƙawayen amarya za su turo maka abin da suka ɗauka da iPhone a cikin ɗaki inda kai namiji ba ka isa ka shiga ba, kuma sau da yawa shi ne ya fi daɗin kallo a duk bikin. Tun 2017 iPhone take ajiye bidiyo a tsarin HEVC, wanda bai cika cin wuri ba amma yana da wuyar warwarewa. Firosesar Intel daga janareshan na bakwai zuwa sama tana da wani sashe, Quick Sync, da yake warware irin wannan har mai launi mai zurfi ba tare da ya gajiyar da sauran ba. Tsohuwata ta 2013 ba ta san shi ba, shi ya sa minti biyu na bidiyon waya yake tsayar da ita cak.

RAM kuwa tabarmar shanya ce. In tana da faɗi ka baza komai a gabanka. In ƙarama ce, kowane lokaci kana hanyar rumbu, kai wannan, ɗauko wancan. Adobe da kansu 16GB suke ba da shawara don aikin 1080 a Premiere, 32GB don 4K. Da 8GB za ka iya Photoshop da CorelDRAW, ka yi fasfo da kalanda da sitikar biki da bana, har da CapCut in bidiyon gajere ne. Amma ranar da ka buɗe Premiere da Photoshop tare, za ka gane kurenka. Abin da ya fi yawan RAM ɗin muhimmanci a wurin mai ƙaramin ƙarfi shi ne ko ana iya ƙarawa. Wasu siraran, musamman masu naɗewa su zama kamar allo, an like RAM ɗinsu a jikin bod, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Irin su HP EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 suna da gurbi biyu. Ka saya da 8GB yau, in kaka ta yi ka ƙara takwas. Kuma guda biyu na 8GB sun fi guda ɗaya na 16GB sauri, musamman a kwamfutar da ba ta da katin girafik na daban. Ka sa a buɗe bayanta a gabanka ka ga gurbin da idonka.

Maganar ma'ajiya gajeriya ce: kada ka yarda Windows ɗinka ta zauna a had-dis mai juyawa. Shi wajen 100MB yake karantawa a daƙiƙa, SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, na SATA wajen 500, na NVMe kuwa ya kan haura 3,000. Mai shago zai ce maka wannan 1TB ce, waccan 256GB kawai, don ka ga kamar babbar ta fi. SSD 256 ya fi had-dis 1TB amfani nesa ba kusa ba, sai dai zai cika da wuri, don haka 512GB nake ganin daidai. Had-dis na waje kuma a ajiye aikin da aka gama.

A nan bari in ɗan tsaya, don abin ya taɓa ci na. Na taɓa ɗaure had-dis na waje a jaka a bayan babur, na bi hanyar burji zuwa wani ƙauye, na dawo na jona shi sai ƙas-ƙas-ƙas yake yi. Saukar ɗalibai ce a ciki, yara sama da talatin, kuma na riga na goge memorin kyamara na ɗauki wani aikin a kai. Biki ko sauka ba a maimaita su. Na je gaban malamin makarantar na durƙusa, ya yi shiru ya ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri," wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar ba na goge memori sai aiki yana wuri biyu. In kana lissafin kuɗin kwamfuta, ka sa kuɗin had-dis na waje a ciki tun farko, kada ka ce sai daga baya.

Katin girafik, sashen da ke ɗaukar nauyin sarrafa hoto, shi ne inda kuɗi suke tafiya, kuma ba kowa ne yake buƙatarsa ba. Mai hoto zalla, da mai yanka 1080 ya jera ya sa waƙa da rubutu, girafik ɗin da ke cikin firosesa ya ishe shi, balle Iris Xe da ke zuwa da janareshan na goma sha ɗaya. Wanda zai yi gyaran launi sosai, ko zai zauna a kan DaVinci Resolve, wadda ta fi jingina da katin, ko yana son sabbin dabarun nan na goge hayaniyar hoton dare a Lightroom, shi ya nemi Nvidia mai ƙwaƙwalwar kansa aƙalla 4GB: GTX 1650, ko RTX 3050, in da hali RTX 3060 mai 6GB. Ka kula da wayon da ake yi a nan. Za a ce maka "tana da girafik 8GB," alhali aro take yi daga RAM ɗinka. Wanda ake nufi shi ne na kansa, wanda Task Manager yake nunawa a layin Dedicated. Ƙananan katin nan masu suna MX kuma kada a caje ka kuɗin katin gaske a kansu.

Akwai wasu da mutane suke tsallakewa don kauri da nauyi: HP ZBook 15, Dell Precision, ThinkPad jerin P. An yi su ne don injiniyoyi, suna da firosesar H, da katin Quadro, da fanka biyu, da gurbin RAM har huɗu a wasu. Irinsu nake aiki da ita tun 2021, janareshan na takwas, na kai ta 32GB a hankali. Ba ta da kyan gani, in na sa ta a jaka kafaɗa tana sani, amma ko a watan Afrilu ba ta taɓa kashe kanta ba.

MacBook fa? Tun da Apple ta fito da M1 a Nuwamban 2020, gaskiya ta canza lissafi ga irinmu. MacBook Air M1 cajarta wat 30 ce, ba ta da fanka balle ta shaƙi ƙura, batirinta yana wuni, kuma ba ta rage ƙarfi don an zare caja. Ga mai ƙaramar sola wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma RAM da SSD ɗinta a like suke, ba ƙari. In ta lalace, gyaranta sai Kano, kayanta da tsada. CorelDRAW da yawancin masu buga bana da kalanda suke aiki da shi, a Windows suka saba da shi. In za ka saya, ka nemi mai 16GB, kada ka sayi tsofaffin masu Intel don kawai tambarin tuffa, kuma ka tabbata mai ita na farko ya cire iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple. Wadda aka kulle da iCloud ko da makullin wani kamfani, faranti ka saya.

Sikirin shi ne abin da na fi daɗewa ban gane ba. Na yi wata guda ina rigima da masu wankin hoto a Kano, ina cewa suna ɓata mini aiki: fuskar amarya ta fito ja, farar shaddar ango ta koma ruwan toka. Ashe nawa sikirin ne yake yi mini ƙarya. Aikinmu yana da wuya ta nan, baƙar fata da farin kaya a tsakar rana, ga jan lalle, ga atamfa mai launi bakwai. In sikirin bai nuna gaskiya ba, gyaran da kake yi ɓarna ce. Ka nemi sikirin nau'in IPS mai ɗigo 1920 da 1080, ka guji nau'in TN mai 1366 da 768. Gwajin ba wuya: buɗe hoton mutum, ka kwantar da murfin baya, ka leƙa ta gefe. In fuskar ta yi fari fat ko ta yi duhu kamar an juya ta, TN ne. Ko a IPS ɗin ma akwai mai cikakken launi, wanda ake rubuta wa 100% sRGB, akwai mai 45% NTSC wanda launinsa a koɗe yake, kuma yawancin laftof ɗin gem masu araha irin na biyun gare su. In ka samu komai ya yi sai sikirin, kada ka fasa. Daga baya ka sayi na tebur mai inci 24, IPS, ba ya cin wuta sosai. Kafin nan, duk aikin da ka gama ka tura shi a waya biyu daban-daban ka duba, tunda can za a kalle shi.

Yanzu ranar saye. Yawancinmu ta hannu za mu saya, wadda ake ce wa tokumbo, kuma ba aibu ba ne. A Kano akwai shaguna a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, da yawa kayansu daga Ikeja ta Legas suke zuwa ko kai tsaye daga waje. Farashi ba zan faɗa ba, don yana bin dala, abin da na faɗa yau gobe ya zama labari. Ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka zauna. Kada ka aika, kada ka saya ta hoton WhatsApp, zuwa da kai ya fi aike. Ka je da safe, ba da yamma kana sauri kada motar garinku ta tashi ba, don mai sauri shi ake yi wa sakiyar da ba ruwa.

Ka tafi da filash ɗauke da aikinka na gaske: bidiyon kyamararka na minti goma, da na iPhone ɗaya, da hotuna masu nauyi, da hoto fari fat da baƙi ƙirin. Farin da baƙin za su tona duk wani tabo ko ɗigon da ya mutu a sikirin. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka karanta cikakken sunan firosesa da yawan kawunanta, da RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce. Ana iya sauya sunan da Windows take nunawa, don haka ka sake kunna ta ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ga ko magana ɗaya suke yi. In BIOS ɗin ya nemi fasawod kuma mai shago bai san shi ba, ajiye ta. Don batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto, ka buɗe shi ka duba lambobi biyu, abin da aka ƙera batirin ya ɗauka da abin da yake ɗauka yanzu. In na biyun bai kai kashi 70 cikin ɗari na na farkon ba, a rage maka kuɗin sabon batir. Ƙaramar manhajar CrystalDiskInfo kuma za ta gaya maka lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki.

Sannan babban gwajin: a sa maka manhajar da za ka yi aiki da ita, ka jefa bidiyonka, ka danna fitarwa, ka zauna. Minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ka saurari fanka, ka taɓa ƙasanta, ka ga ko za ta mutu ko saurinta zai faɗi. Kwamfuta mai ciwon zafi lafiya lau take a minti biyar na farko. Mai shagon kirki zai ba ka kujera har ya sayo maka ruwa. Wanda ya fara cewa "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce masa ka yarda da shi, na'urar ce ba ka sani ba. Kafin ka tashi ka gwada kowace kafar USB, da ramin memorin kyamara in tana da shi, da kowane maɓalli, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙallansa sun saki. Ka karɓi caja ta asali mai wat ɗin da ya dace, don ƙaramar caja tana sa babbar kwamfuta ta rage gudu. A rubuta maka rasit da lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti. Rasit ɗin nan ba don gyara kawai ba ne, shi ne shaidarka ranar da wani ya ce tasa ce aka sace.

In ka kawo ta gida, abokan gabarta biyu ne, ƙurar hunturu da zafin bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka, firosesa kuma in ta doshi 100 sai ta rage gudu don ta tsira. A wannan lokacin yanka nake yi da rana, fitarwa kuwa sai bayan Isha ko bayan Asuba. Kada ka ɗora ta a katifa ko darduma, ta ƙasa take numfashi. Ni murfin robar lemo huɗu na sa a ƙarƙashin tawa, sun yi mini aikin abin da ake sayarwa da tsada. In ka kashe ta ka rufe ta da ƙyalle, kada ka ci ƙuli-ƙuli ko ka sha shayi a kanta, kiyashi suna shiga har cikin bod. Duk shekara in hazo ya wuce, a buɗe ta a share fanka a sauya man da ke kan firosesa. In inji za ka jona, ka bar shi ya daidaita tukuna, inbata kuma ka nemi mai tsabtatacciyar wuta, don mai arahar nan tana cin caja.

Ɗan ƙanwar tawa kuɗinsa bai kai na mai katin girafik ba, solar gidansu ma fanel biyu ce. Muka je tare ranar wata Asabar, muka zaga har azahar, ya dawo da i5 janareshan na takwas, RAM 16GB, SSD 512GB, sikirin IPS, da had-dis na waje. A shago na biyu an nuna masa wata i7 janareshan na shida mai kyan gaske, na ga idonsa ya tsaya a kan sitikar, ya juyo ya ce, "Kawu, wannan fa?" Na ce ya karanta mini lambar da ƙarfi. Ya karanta, ya yi dariya, ya mayar da ita.

Tsohuwar tawa ta buhu bakwai tana nan. Na sa mata SSD, na ƙara mata RAM zuwa 8GB, tana kan teburin gaba tana fasfo da buga takardu. Lokacin rajistar JAMB da neman aiki ita take biyan kuɗin hayar shago.